Karin Harshe da Nazarin Adabi a Kwalejojin Ilimi: Tarken Koyar da Hausa Bisa Misalin Ƙasar Norwe

1.0 Gabatarwa

Sunan ƙasar Norwe ba baƙo ba ne ga manazarta harshe a Nijeriya. Mafi yawansu ta hanyar Einar Haugen suka san shi, domin rikicin rubutun harshen wannan ƙasa ne ya nazarta a littafinsa na 1966, wanda ya zama ginshiƙi a fagen tsara harshe. Sai dai abin da aka fi ɗauka daga aikin nasa shi ne matakan nan guda huɗu, wato zaɓen kari, da tsara ƙa'idojinsa, da aiwatarwa, da bunƙasawa. Ba a cika waiwayar abin da ya biyo baya a cikin aji ba, wato yadda ake horar da ɗalibin da ya zaɓi nazarin harshen Norwe da adabinsa a kwaleji ko jami'a.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken yadda ake koyar da Hausa a kwalejojin ilimi, ta amfani da wancan tsari a matsayin ma'auni. An ɗauki ajin Hausa irin na Minna a matsayin misali, saboda ire-iren ɗaliban da ke haɗuwa a cikinsa. Hujjar maƙalar ita ce, ana koyar da harshe da kari guda ɗaya, alhali kaso mai tsoka na adabin da ake ɗora wa ɗalibi da wani karin aka ƙaga shi. Wannan giɓi yana ɓata matanin waƙa, yana kuma haifar da malamin da ba ya bambance kuskure da karin harshe.

2.0 Harshe da Adabi a Norwe

2.1 Asalin Rubutu Biyu

Norwe ta yi fiye da shekara 400 a haɗe da Danmak, har zuwa 1814. A tsawon wannan lokaci tsohon rubutun ƙasar ya gushe, harshen Danmak ya zama shi ne na coci da kotu da makaranta, su kuwa talakawa suka ci gaba da magana da kare-karensu na gado. Bayan rabuwar ƙasashen biyu sai tambaya ta taso game da harshen da ya kamata al'umma ta yi rubutu da shi.

Mutum biyu suka ba da amsa iri biyu. Knud Knudsen (1812-1895), wanda malamin makaranta ne, ya ga a riƙe rubutun Danmak a riƙa yi masa kwaskwarima sannu a hankali, har ya dace da maganar masu ilimi na birane. Shi kuwa Ivar Aasen (1813-1896), ɗan manomi ne da ya ilmantar da kansa, ya bi ƙauyuka daga 1842 zuwa 1846 yana tattara kalmomi da siffofin nahawu daga bakin mutane. Ya fitar da littafin nahawu a 1848 da ƙamus a 1850, sa'annan ya tace salon rubutu guda daga cikin kare-karen, inda ya fi jingina ga na yammacin ƙasar saboda su suka fi riƙe tsofaffin siffofi. A 1885 majalisar dokoki ta daidaita matsayin rubutun biyu, a 1929 kuma aka ba su sunayen da ake kiran su da su, wato Bokmål, "harshen littafi", da Nynorsk, "sabon harshen Norwe". Bambancinsu bai kai ya hana fahimta ba. Alal misali, wakilin suna "ni" shi ne jeg a na farko, eg a na biyu, sunan ƙasar ma kansa Norge ne a ɗaya, Noreg a ɗaya.

Akwai wata shawara da majalisar ta yanke tun a 1878, wadda ta fi ta 1885 muhimmanci ga wannan tarke. Shawarar ita ce a riƙa koyarwa a makarantun firamare da irin maganar da yara suka taso da ita, gwargwadon iko. Ma'ana, malami ne zai karkata ga bakin yaro. Albarkacin wannan ƙa'ida, ƙasar ba ta da wani lafazi da hukuma ta wajabta wa kowa, kuma ɗan majalisa da shaihin malami sukan yi jawabi da karin garinsu ba tare da an ɗauke shi ƙauyanci ba.

2.2 Ɗalibin Kwaleji

Tun daga 1899 aka naɗa Marius Hægstad farfesan rubutun Aasen da kare-karen ƙasar a jami'ar babban birni, wadda aka kafa a 1811. A 1907 kuma aka zartar cewa mai neman shiga jami'a sai ya yi insha'i da rubutun biyu. Saboda haka wanda zai zama malamin harshen Norwe dole ya iya rubuta duka biyun. Yana kuma nazarin kare-karen harshe, da tsohon harshen da aka rubuta labarun magabata da shi, yana karanta adabin Danmak da na Suwidin a cikin harsunansu.

Adabin ƙasar ne ya tilasta wannan faɗi. Henrik Ibsen (1828-1906) da rubutun da aka gada daga Danmak ya yi wasanninsa, har ma ya yi wa masu fafutukar sabon rubutu zambo a cikin Peer Gynt (1867). Bjørnson da Hamsun da Undset, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1903 da 1920 da 1928, duk a wannan layi suke. A ɗaya layin kuma akwai Vinje da Garborg da Vesaas da Hauge, da Jon Fosse wanda ya sami kyautar a 2023. Ɗalibin da ya san rubutu ɗaya kurum, rabin adabin ƙasarsa ya sani. Tsarin karatun ya amince da wannan, ya kuma tanadar masa mabuɗin kowace ƙofa.

3.0 Daidaitacciyar Hausa

Hanyar da Hausa ta bi ta fi kama da ta Knudsen, domin maganar babban birni guda aka yi wa rubutu harsashi da ita. Hans Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta koma Hukumar Talifi a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, aka yi gasar da ta haifar da littattafan zube na farko. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, Hukumar Harshen Hausa ta biyo baya a 1955, sa'annan tarurrukan Bamako (1966) da Yamai (1980) suka duba batun daidaita rubutu tsakanin ƙasashe. A duk waɗannan matakai Kananci ne ginshiƙi, ko da yake Daidaitacciyar Hausa ba ita ce Hausar da ake ji a kasuwar Kurmi daidai wa daida ba.

Wannan aiki ya yi nasarar da ba ta buƙatar jayayya. Littafin da aka buga a Zariya ana karanta shi a Maraɗi da Kumasi ba tare da wahala ba. Abin lura ga mai koyarwa a Jihar Neja shi ne, alƙalamin da ya fi kowane goge wannan salo ba na Bakano ba ne. Abubakar Imam a Kagara aka haife shi a 1911, a Katsina ya yi karatu, a Zariya ya yi aiki. Wansa Bello Kagara shi ya rubuta Ganɗoki, labarin da ya faro daga yaƙe-yaƙen Kwantagora da Turawa. Wato tun farko salon rubutu ne da mutum ke koya, ba gadon mutanen wani gari ba. Haka kuma magabatan wannan fage ba su raina sauran kare-kare ba. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin Sakkwato da Katsina da Gobir da Haɗeja, kowace da alamar inda aka ji ta.

Akwai wani kamanci kuma da ya cancanci ambato. Kamar yadda yake a Norwe, a ƙasar Hausa ma yamma ce ta fi riƙe tsofaffin siffofi. Dokar sauti da ake jingina wa Klingenheben ta nuna cewa baƙin leɓe da ya zo a ƙarshen gaɓa ya rikiɗe ya zama wasalin "u" a Kananci, amma ya tsaya yadda yake a Sakkwatanci. Don haka zamna da sabka su ne tsofaffi, zauna da sauka su ne sababbi. Malamin da ya ja jan layi a ƙarƙashin zamna a matsayin gurɓatacciyar Hausa ya juya tarihin harshen kai-ƙasa.

4.0 Ajin Hausa a Minna

Jihar Neja, wadda aka ƙirƙiro a 1976, mahaɗar harsuna ce. Minna kanta ƙasar Gbagyi ce, Bida da Agaie da Lapai na Nufawa ne, arewacin jihar kuma akwai Kambari da Kamuku da Dukawa. Hausar jihar ma ba iri ɗaya ba ce. Kwantagora, wadda Umaru Nagwamatse jikan Shehu Usmanu ya kafa a 1864, tana fuskantar yamma, kuma kunne yakan ji alamun Hausar yamma a bakin ɗaliban da suka fito daga wannan shiyya da maƙwabtanta na Yawuri. Suleja kuwa mazaunin sarakunan Zazzau ne da jihadi ya fitar daga Zariya a farkon ƙarni na 19, inda Abu Ja ya kafa garin a 1828, don haka Hausarta ta fi kusa da Zazzaganci.

Ke nan aji guda yakan tara ɗalibi iri uku: mai Hausar yamma, da mai Hausar kudu, da wanda Hausa harshe na biyu ce gare shi. Duba waɗannan jimloli:

(1) Wagga riga tau ta.
(2) Wannan rigana ne.
(3) Wannan rigata ce.

Jimla ta (3) ita ce daidaitacciya. Ta (1) cikakkiyar jimla ce a Hausar yamma, ta kiyaye jinsin mace a mafayyaci da mallaka da dirka. Ta (2) kuwa tana da fuska biyu. A bakin Bazazzagi kari ne, domin an san Zazzaganci da sassauta jinsi. A bakin Banufe mai koyo tana iya zama alamar bai riga ya kama tsarin jinsi ba, tunda harshensa na farko ba shi da irin wannan rabo. Magani ɗaya ba zai yi wa waɗannan biyu ba. Na farko bayani yake bukata game da bambancin magana da rubutu, na biyu kuwa darasin nahawu. Malamin da ba a horar da shi kan kare-kare ba, jan biro ɗaya zai yi musu, ya kuma haɗa har da mai jimla ta (1). Tunda waɗannan ɗalibai su ne malaman firamare da ƙaramar sakandare na gobe, abin da aka yi musu shi za su yi wa yaran Rijau da Mariga.

5.0 Abin da "Gyara" Ke Yi wa Waƙa

Inda giɓin ya fi fitowa fili shi ne darasin waƙa. Rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19, irin na Nana Asma'u (1793-1864) da Isa ɗan Shehu, a daular Sakkwato aka yi su da Hausar wurin. Manyan makaɗan fada da ake nazari, irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sani Aliyu Ɗandawo, duk mutanen yamma ne. Haka Kassu Zurmi da Ɗan Anace a ɓangaren makaɗan maza. Mamman Shata Bakatsine ne, Aƙilu Aliyu kuma, duk da daɗewarsa a Kano, haifaffen Jega ne. Idan aka tsame waɗannan daga manhaja, abin da zai rage bai isa a kira shi tarihin waƙar Hausa ba.

Ma'aunin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa ya dogara, wato jerin gaɓoɓi masu nauyi (–) da marasa nauyi (v). Da yawa daga bambance-bambancen da ke tsakanin Hausar yamma da daidaitacciya suna taɓa wannan nauyi kai tsaye:

(4) sunka (– v) : suka (v v)
(5) yat tahi (– v v) : ya tafi (v v v)
(6) gidanai (v – –) : gidansa (v – v)
(7) wanga (– v) : wannan (– –)
(8) ɗiya (v –) : 'ya (–)

A misali na (4) da na (5) gaɓa mai nauyi ta koma marar nauyi. A na (6) ƙarshen kalma ya sauya, wanda ke nufin amsa-amo ma ya tafi idan kalmar a ƙarshen ɗango take. A na (7) akasin haka ya faru, a na (8) kuwa gaɓa guda ce ta ɓace ɗungum. Domin a ga tasirin abin a cikin ɗango, ga wani ƙirƙirarren misali:

(9) Ruwan da sunka ɗiba (v – v – v – –)
(10) Ruwan da suka ɗiba (v – v v v – –)

A (9) marar nauyi da mai nauyi suna bin juna a tsare, har ɗangon ya rufe da masu nauyi biyu. A (10) baƙi ɗaya kawai aka cire, amma marasa nauyi uku sun jeru, tafiyar ta karye. Ɗalibin da ya saurari waƙa ya rubuta ta da ƙa'idar da aka koya masa a darasin insha'i, (10) zai rubuta. Idan ya zo yanka ƙafafu ba za su fita ba, sai ya rubuta a kundinsa cewa mawaƙin ya yi karaya a ma'auni. Ta haka ake ɗora wa mawaƙi laifin da alƙalamin mai nazari ya aikata. Wannan kuwa ba a kan mawaƙan Sakkwato kaɗai ya tsaya ba, domin marubuta waƙa na gabas su ma sukan ari sunka da munka da anka idan ma'auni ya bukata. Siffofin yamma sun riga sun zama wani yanki na harshen waƙa na kowa da kowa.

Asarar ba ta tsaya ga ma'auni ba, ta shafi ma'ana. A daidaitaccen rubutu, wanda ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, "ya zo" na iya zama shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya ko na biyu, ko ma umurni. Sakkwatanci ya raba su uku a fili: ya zo, da yaz zo, da shi zo. Wanda ya mayar da su duka "ya zo" ya shafe bayanin da matanin ya zo da shi, ya bar mai karatu cikin shakka. Haka nan dirkar yamma, na da ta, sau da yawa mai koyo yakan ɗauke ta mallaka, ya fassara ɗango a karkace. Wanda wannan ya fi cuta shi ne ɗalibin da Hausa harshe na biyu ce gare shi. An koya masa nahawu guda, aka miƙa masa Narambaɗa, ba a ba shi mabuɗi ba, sai ya koma hadda.

Ba rashin bincike ya jawo wannan ba. Ahmed da Daura sun fitar da littafi kan manyan kare-karen Hausa tun 1970, nahawun Newman (2000) da na Jaggar (2001) kuma sun kawo bayanai masu yawa game da siffofin yamma. Matsalar ita ce darasin karin harshe, inda ake yin sa, yakan tsaya ga jera sunaye, Sakkwatanci da Katsinanci da Dauranci da Bausanci da Guddiranci, da 'yan kalmomi na misali. Ba a haɗa shi da darasin waƙa, alhali nan ne amfaninsa yake.

6.0 Abin Ɗauka da Abin Bari

Za a iya cewa misalin Norwe kira ne ga a ƙirƙiro wa Hausa rubutu na biyu. Tarihin ƙasar da kansa ya isa gargaɗi game da haka. Hukuma ta yi ƙoƙarin narkar da rubutun biyu su zama ɗaya ta gyare-gyaren 1917 da 1938, abin ya jawo husuma, har a shekarun 1950 iyaye suka riƙa gyara littattafan 'ya'yansu da alƙalami. A 2002 aka yi watsi da manufar baki ɗaya. Yawan 'yan makaranta masu Nynorsk a matsayin babban rubutunsu ya kai kashi 34 cikin 100 a 1944, ya sauko zuwa tsakanin kashi 11 da 12 a farkon shekarun 2020, kuma wajabcin jarrabawa a rubutu na biyu bai daina jawo gardama ba. Ƙasa mai arziki da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba ce ke ɗaukar wannan nauyi. Hausa, wadda ke fama da ƙarancin littattafai da malamai, ba ta da dalilin raba ƙarfinta biyu. Rubutu guda da ake da shi alheri ne, wajibi ne a kare shi.

Abin ɗauka shi ne rarrabewar da suka yi tsakanin abubuwa uku: abin da ɗalibi ke rubutawa, da abin da yake faɗa, da abin da yake iya karantawa. Bisa wannan, ana ba da shawarwari kamar haka:

(a) Insha'i da wasiƙa da bayanin ɗalibi a cikin kundi su kasance da Daidaitacciyar Hausa ba sassauci. Magana a cikin aji kuwa a bar kowa da karinsa, kamar yadda ƙa'idar 1878 ta tanada.

(b) A gabatar da darasin karin harshe kafin darasin ma'aunin waƙa, a kuma ɗauko misalansa daga waƙoƙin da aka wajabta nazarinsu, a fi ba da ƙarfi ga lokutan aiki da mallaka da dirka.

(c) Duk waƙar da ɗalibi ya ɗauko daga baki ko daga ajami, ya rubuta ta yadda aka furta, ya sa bayaninta da daidaitacciya a gefe. A riƙa rage maki idan ya daidaita matani, kamar yadda ake ragewa idan ya karya ƙa'idar rubutu.

(d) Cibiyoyin nazarin harsuna na jami'o'i su amince da hanya guda ta rubuta siffofin yamma, musamman ninkin baƙi irin na yat tahi da sautin hw, domin a yanzu kowane mai nazari da tasa hanyar. Su kuma fitar da diwanan makaɗa masu ɗauke da jerin ma'anonin kalmomi domin masu koyo.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta kwatanta horon da ake ba ɗalibin harshen Norwe da wanda ake ba ɗalibin Hausa a kwalejin ilimi. An nuna cewa Norwe ta gina tsarin karatunta gwargwadon faɗin adabinta, alhali tsarin koyar da Hausa ya fi adabin Hausa ƙunci. An kawo misalai na yadda daidaita matani ke karya ma'auni, ya shafe amsa-amo, ya kuma rufe ma'ana, aka kuma nuna cewa a aji irin na Minna rashin sanin kare-kare yana hana malami bambance mai kari da mai kuskure. Gyaran da ake bukata bai shafi ƙa'idojin rubutu ba. A cikin manhaja yake, da kuma a hannun masu duba kundayen ɗalibai, waɗanda su ne suke da ikon hana a mayar da sunka ta koma suka a cikin waƙar da ba su suka yi ta ba.